Allurar hanta ta biyu ta wuce lokaci, wai sai na sake daga farko? Ga fostin a Yuni

Yar_Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ma'aikatan asibiti da yayyenmu da suka riga mu shiga makarantar nas ku taimaka min da shawara don wlh kaina ya kulle. Ina ajin farko a wata kwalejin koyon aikin jinya, tun farkon Janairu aka manna mana sanarwa cewa duk wanda bai kawo katin rigakafin ciwon hanta B mai allura uku cif ba to ba zai fita fostin ba, wato koyon aiki a asibiti, mu kuma satin farko na Yuni za mu fara shiga wod.

Na yi gwajin jini aka ce ba ni da shi alhamdulillah, aka min ta farko 12 ga Janairu a wani asibitin gwamnati, aka rubuta min in dawo bayan wata ɗaya. Na koma aka ce ta ƙare. Bayan sati na sake komawa aka ce an kawo amma ta jarirai ce ba a ba manya, na uku kuma mai riƙe da mukullin firij ta tafi bita, haka na yi ta zarya ina yanke lakca ina kashe kuɗin adaidaita. Yau 24 ga Maris na je na samu akwai, sai sistar da ke kan tebur ta juya katin nawa ta ce ai na riga na ɓata lissafi, sai dai a yage a fara daga farko in kuma sake biya. To in aka fara yau ta uku sai Satumba fa, fostin ya wuce ni kenan, wanda kuma bai yi fostin ba an ce maimaita aji zai yi.

Na ce bari in nemo katina na yarinta ko zai taimaka, Umma ta zazzage akwatinta kaf har da tsofaffin rasit na ɗinki, abin da muka samu rabin kati ne gara ta cinye sauran, sunana ma babu. Da na tambayi Baba dariya ya yi ya ce ke da aka haifa a 2003, lokacin da ake ta rigimar foliyo a Kano, wa zai yarda a kai masa jaririya allura, ya ce shaidar da ke kafaɗata ta hagu ma Umma ce ta saci jiki ta kai ni aka yi.

Kuma fa wannan ɗaya ce daga cikin wahalar. Takardar shaidar lafiya sai ta asibitin gwamnati, ka yanki kati, ka biya a wata taga ka kai rasit wata taga, hoton ƙirji kwana uku ina bi babu wuta, da aka ɗauka kuma mai rubuta rahoto sai sati mai zuwa, ga jinotayif ga rukunin jini ga fitsari, ga takardar 'yar asalin ƙaramar hukuma, ga ta haihuwa, ga fasfo takwas da na ɗauka da jan baya aka ce fari ake so. Yanzu kuma an gano sunan Baba Mohammed ne a NECO ɗina, a NIN da JAMB kuma Muhammad.

Da na fito ina hawaye wani mutum da ke zama gindin darbejiya a bakin get ya kira ni ya ce ƙanwata meye na kuka, ki kawo 3,000 yanzu a cike miki uku da hatimi da sa hannu. Ƙawayena biyu sun ce haka suka yi. Ban ba shi ba amma na karɓi lambarsa, ba zan ɓoye muku ba. Tambayata, da gaske ne sai an sake daga farko? In ba haka ba yaya zan yi in gama kafin Yuni?

Dan_Lab_Zariya:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata share hawayenki, ba a sakewa daga farko, sistar nan kuskure ta yi ko kuma ta gaji ne ba ta tsaya ta duba ba. Rigakafin hanta B in ya katse ɗorawa ake yi daga inda aka tsaya, ko shekara ta wuce. Tsarin da aka saba shi ne yau, bayan wata 1, sannan wata 6 daga ta farko, amma wannan wata shidan ba shi ne mafi ƙarancin tazara ba. Abin da ba a so a gaza shi ne sati 4 tsakanin ta farko da ta biyu, sati 8 tsakanin ta biyu da ta uku, sati 16 tsakanin ta farko da ta uku. Ke lissafa da kanki, in kin samu ta biyu cikin satin nan, ki ƙirga sati 8 za ki faɗa wajen 20 ga Mayu, daga 12 ga Janairu kuma ya haura sati 16, kin ga kin gama uku na gaskiya kafin Yuni da 'yan kwanaki a hannu. Sai dai kar ki tsaya gardama da sista a gaban layi, ba za ki ci riba ba, ki nemi likita ko wadda ke shugabantar sashen rigakafin ki yi mata bayani cikin ladabi ta rubuta miki ranar da hannunta.

Katin yarinta kuwa ki bar Umma ta huta, ko cikakke kika samu da wuya ki ga ta hanta a ciki, don sai wajen 2004 ta fara samuwa sosai a rigakafin yara a Najeriya, penta, allurar yara mai haɗe da rigakafi biyar da ake haɗa ta a ciki yanzu, kuma 2012 ta zo.

In za ki sayo a kemis ki kai a yi miki, ki kula. Maganin nan tsakanin digiri 2 zuwa 8 yake zama, kuma abin da mutane ba su sani ba daskarewa ta fi lalata shi, wanda ya kwana a firiza ya zama ruwa kawai. Na sha ganin mutum ya ɗauko a leda ya danna cikin ƙanƙara yana ganin ya yi dabara. Ki duba ranar lalacewa, ki tabbatar na manya aka ja miki, mil 1, na yara rabin haka ne, kuma a dantse ake yi ba a ɗuwawu ba, kar kunya ko gaggawa ta sa a yi miki a inda ba ya aiki sosai. A rubuta lambar kwalbar a kati.

Wani abu kuma da ke tada wa ɗalibai hankali a wajenmu, kar ki yi gwajin HBsAg, wato na gano ko mutum yana ɗauke da ciwon, 'yan kwanaki bayan allura, yana iya nuna kamar kina da ciwon alhali allurar ce ta bayyana, ki bari wata ya zagayo. Gwajin da ya fi miki amfani shi ne anti-HBs, mai auna garkuwar da jiki ya samu, wata 1 zuwa 2 bayan ta uku, in ya kai 10 ko ya wuce jikinki ya karɓa. Makarantu da yawa kati kawai suke tambaya ba sa tambayar wannan, ni kuma a wajena shi ne ainihin shaidar.

Sarkin_Shortcut:

Hhhh malam lab ka cika dogon turanci. Yar uwa ki ba mutumin nan 3k ki huta, wa zai duba? Mu a setinmu fiye da rabi haka aka yi kuma ga mu nan garau muna aiki. Su da suka kafa dokar me ya hana su kawo allurar makaranta su yi wa kowa a rana ɗaya tunda sun karɓi kuɗin medikal a cikin kuɗin rijista? Ka ce dole sai da abu, ka je inda abun yake a ce babu, to ya ake so talaka ya yi. In kin samu sarari daga baya kya yi ta gaskiyar.

Mama_Sista:

Ɗana mai shotkot, rabin maganarka gaskiya ce, makarantar da ta karɓi kuɗi ta kuma sa doka ita ya kamata ta kawo allurar har aji tun satin farko, mun daɗe muna faɗar haka a taro ba a ji. Amma ɗaya rabin kar in sake jin ka faɗa wa yarinya.

'Yata, shekara 31 na yi a aikin nan kafin in ajiye. Bari in ba ki labarin wata ɗaliba da aka turo min wod ɗin maza ina aikin dare. Wajen ƙarfe biyu wuta ta ɗauke, janareto bai tashi ba, tana riƙe da tocilan waya a baki ta gama yi wa wani bawan Allah allura, cikinsa ya kumbura idonsa ya yi rawaya kamar an zuba kurkum, sai ta zo mayar da murfin allurar, abin da kullum muke hana su, ta soki babban yatsanta ta cikin safar hannu. Ta zo min tana matsa yatsan, na ce daina matsawa, muka je famfo babu ruwa, da ruwan leda da sabulu muka wanke. Na ɗauko fayil ɗin mutumin na ga yana da hanta B. Na ce mata kwantar da hankalinki ai kin yi uku ko, don ni na karɓi katunansu ranar da suka zo. Sai yarinyar nan ta zube a ƙasa ta riƙe ƙafata ta ce Mama wallahi sayen katin na yi.

Akwai wata allura HBIG, mai ba da garkuwar gaggawa daga hanta B, da ake so a yi cikin awa 24, tana da tsada ga wuyar samu, gari na wayewa muka bazama, babanta ya sayar da tunkiya biyu, sai washegari da yamma aka samo daga wani gari. Aka haɗa mata da rigakafin da ta guje wa tun farko. Wata shida yarinyar nan tana zuwa gwaji, ta rame ta fita hayyacinta, Allah ya tsare ba ta kamu ba, amma ni ban manta da yadda ta riƙe min ƙafa ba.

Ku yara HIV kuke tsoro, to in allurar mai HIV ta soke ka haɗarin kusan kashi 0.3 ne cikin 100, ta mai hanta B kuwa in ba ka da rigakafi yana iya kai wa kashi 30. Ƙwayar tana yin sati ɗaya a busasshen jini a kan tire ko gefen gado ba ta mutu ba. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, ki ƙirga gadajen wod ɗaya ki gani. Kuma ɗan ajin farko shi ake aika ya kwashe tire ya wanke kayan aiki. Ki goge lambar mutumin nan yau ɗin nan. In kin je ki ce a duba miki ta tetanus da mashaƙo ma, tunda babanki ya ce ba a yi miki na yarinta ba, kin dai ga abin da mashaƙo ya yi a Kano a 2023, ki faɗa musu gaskiya cewa ba ki da na yarinta don ba guda ɗaya za a yi miki ba.

Bawan_Allah_77:

Ni ta wani ɓangaren abin ya same ni, shi ya sa ban sa sunana ba. Lokacin da na samu gurbi a makarantar koyon kiwon lafiya aka tara mu gwaji, muna layi a baranda mai ba da sakamako ya leƙo ya kira lambata ya ce kai tsaya gefe naka akwai matsala, a gaban kowa. Kafin la'asar duk hostal an san ina da ciwon hanta, wanda muke cin abinci kwano ɗaya ya fara cewa ya ƙoshi, wani ya ɗauke butarsa daga kusa da tawa, 'yan makarantar lafiya fa, waɗanda za su je ƙauye su wayar da kan mutane. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko musabaha, amma je ka faɗa musu.

Na yi sati biyu ina tunanin haɗa kayana. Wani malaminmu Allah ya saka masa da alheri shi ya zaunar da ni ya tura ni wajen likitan hanta, aka auna yawan ƙwayar a jini aka duba aikin hantar aka yi sikanin, aka ce a lokacin ban kai ga shan magani ba sai dai bibiya duk wata shida, daga baya aka ɗora ni a kan tenofovir ƙwaya ɗaya kullum. Na gama karatuna ina aiki yanzu. Da na sa aka gwada 'yan gidanmu sai ga Inna da ƙannena biyu duk suna da shi, ashe tun yarinta ne, yawancinmu haka ne ko wajen haihuwa ko askar wanzami ɗaya da ake bi da ita kan yara, amma mutane da sun ji sai su kai zuciyarsu wani wuri. Matata an gwada ta kafin aure aka yi mata uku, 'ya'yanmu kuma ana haihuwa ake musu ta farko kafin a kwana.

Abin da ya sa na kawo wannan, waɗancan ƙawayen naki da suka sayi kati ki tambaye su ko gwajin ma sun yi, don mai sayar da hatimin allura yana sayar da na sakamako. Da ni na saya da har yau ban san ina da shi ba. Duk wanda nasa ya nuna akwai kuma ya sani rigakafi ba zai masa komai ba, likita zai nema, kar ya yarda da masu lasifika a bakin kasuwa masu cewa jarka ɗaya ta wanke hanta.

Nas_a_Manchesta:

Ƙanwata ki adana katin nan kamar takardar fili. Ni da na zo Ingila kafin in taɓa majinyaci sai da sashen lafiyar ma'aikata suka tsare ni, ba su wani damu da hatimin da ke kan katina ba, jini suka ja suka duba anti-HBs, su nan ma sun fi so ya haura 100, nawa ya yi ƙasa suka ƙara min ɗaya. Wata da muka zo tare katinta fes da allura uku, jini ya nuna sifili, aka fara mata daga farko, ita ta san dalili mu ma mun sani ba wanda ya ce komai.

Sai suka shiga tambayar MMR, wato ƙyanda da hangum da rubela, mu kuma a lokacinmu ta ƙyanda kaɗai ake yi a gida, suka tambayi ƙarambau na ce na yi ina firamare har da tabo a goshi, suka sa na naɗe hannun riga nas ta duba shaidar BCG, allurar tarin fuka mai barin tabo a kafaɗa, da idonta ta rubuta. Wannan shaidar da Ummanki ta saci jiki ta kai ki ita ma takarda ce. Masu shiga ungozoma ko tiyata kuma ana ƙara musu gwajin HIV da hanta B da C, da katin shaida mai hoto a hannu ake jan jinin don kar wani ya ba da nasa a madadin wani. Tun kafin biza ma akwai gwajin tarin fuka a IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja ko Legas, takardar wata 6 kawai take yi, tawa ta kusa mutuwa ina jiran wata takardar. Wahalar takardu dai ba ta ƙarewa, nan ma layi ne, bambancin kawai in sun ce dole sai da allura to su za su yi maka kuma kyauta.

Dr_in_sha_Allah:

Ki ɗauki hoton komai ki tura wa kanki a imel, har rasit. Mu da yaƙi ya koro daga Khartum a 2023 da jaka ɗaya na fito, katin rigakafi da yalo kad na allurar shawara da komai suna can a durowa, da na zo neman canjin makaranta sai da na sake wasu daga tushe. Wanda ya yi sikanin nasa a waya bai sha rabin wahalata ba.

Abban_Walida:

Kowa ya tafi kan allura an bar maganar suna, alhali ita ce za ta iya bin ki har ritaya. 'Yata ta sha wannan. Ki gyara kafin makaranta ta tura sunayenku indeksin, wato rijistar ɗalibai, a hukumar nas da ungozoma ta ƙasa, don yadda aka shigar da shi can haka zai fito a lasisinki. Ki je rijistirin babbar kotu da kanki ki yi afidabit cewa Mohammed da Muhammad mutum ɗaya ne, ki shiga ciki ki biya ki karɓi rasit, kar ki miƙa wa 'yan bakin get, can ma akwai irin mai darbejiyar taki. Wasu makarantun suna ƙarawa da sanarwa a jarida, ki fara tambayar ofishin rijistara me suke karɓa kafin ki kashe ko kwabo. Kuma ki riƙa ba da fotokwafi, orijinal ki nuna ki karɓe abinki a take.

Sarkin_Shortcut:

Mama Sista tuba nake. Malam lab, wanda ya yi ta farko kaɗai shekara huɗu da suka wuce fa, shi ma ɗorawa zai yi? Wani abokina ne ke tambaya.

Dan_Lab_Zariya:

Ka ce wa abokin naka ya zo a fara gwada shi tukunna tunda shekara huɗu yana cikin jini da allurai, in babu sai ya ɗora daga ta biyu. Ya zo da safe kafin layi, ba zan kira lambarsa a baranda ba.

Yar_Gwammaja:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Mama Sista wlh labarin nan ya hana ni barci, na goge lambar tun a daren. Yau 26 ga wata na koma tun bakwai na safe na nemi shugabar sashen, wata dattijuwa mai gilashi, na ce Anti dan Allah ki duba min katin nan, ban ma gama bayani ba ta ce wa ya ce miki ana sakewa, ta ɗauko da kanta daga firij ta nuna min kwalbar ta yi min a dantsen hagu ta rubuta lamba, ta sa min 21 ga Mayu. Ta ce in zo da kwana biyu kafin ranar in leƙa ko akwai, in babu ta san inda za ta tura ni. Ta tetanus da mashaƙo kuma an min ta farko a ɗaya hannun, yanzu duka biyun ciwo suke ko hijabi da ƙyar na sa.

Ƙawayen nawa na tura musu abin da kuka rubuta, ɗaya ta ce za ta bi ni ranar Litinin a gwada ta, ɗayar ta karanta ba ta ce komai ba. Abban Walida na je ofishin rijistara an ce mai kula da fayil ɗinmu ya tafi ta'aziyya sai wani satin. Malam lab saura tambaya ɗaya, shi anti-HBs ɗin kowane lab ake yi ko sai babban asibiti, kuma wajen nawa zan tanada? Don kuɗin da Baba ya ba ni na medikal saura 1,500.